Bashin Lissafi da na biya bayan shekara 17

Shekarata tara ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare ta kuɗi a unguwarmu, nan cikin Kano, aka kawo wata yarinya mai NCE aka ce in nuna mata aiki. Na nuna mata yadda ake kiran suna a rijista, da yadda ake tsara darasi, har da dabarar raba faɗan yara ba sai an ɗauki bulala ba. Ƙarshen wata muka shiga layin sa hannu a takardar albashi, tana gabana, sai idona ya faɗa kan abin da aka rubuta a gaban sunanta. Saura kaɗan ya ninka nawa. Ban ji haushinta ba, shi ma mai makarantar ban ga laifinsa ba, don a tsarin ilimin ƙasar nan NCE ce mafi ƙanƙantar takardar da ake koyarwa da ita. Ni kuwa abin da nake taƙama da shi sakamakon WAEC ne na 2005, shi ma gurgu: D7 a Turanci, F9 a Lissafi.

Duk wanda ya yi sakandare a Najeriya ya san karatun. Daga A1 zuwa C6 ne kiredit. D7 da E8 fas ne, ka tsallake rijiya amma babu mai buɗe maka ƙofa. F9 kuwa faɗuwa ce warwas. A lokacin, makarantun gaba da sakandare kiredit biyar suke nema, Turanci da Lissafi a ciki, a zama ɗaya ko biyu. Ni ina da huɗu cif: Hausa, Addinin Musulunci, Gwamnati da Tattalin Arziki. Biyun da ake tambaya tun daga bakin ƙofa su ne babu.

Da dare bayan yara sun kwanta na tayar wa maigida da maganar.

"Alhaji, so nake in sake zana jarrabawa."

"Wace jarrabawa kuma?"

"Ta sakandare. Turanci da Lissafi."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "In kin ga za ki iya, bismilla, zan biya. Amma kada ki zo min da tambaya. Ni lissafina na yadi ne da dila." A Kantin Kwari yake kasuwanci, kuma gaskiya ya faɗa.

Abu na farko da aka ce in nemo shi ne asalin satifiket ɗina na 2005, tunda da shi za a haɗa sabon sakamako a cike zama biyu. A nan na tuna ban taɓa karɓarsa ba. Mun yi kandi a watan Yuli, aka ɗaura min aure bayan ƙaramar salla, wata takardar wucin gadi da yayana ya karɓo min ita ce kawai a ƙasan akwati, ita ma damina ta taɓa ta har tambarin ya narke. Dole na shirya na koma makarantarmu, wata sakandaren 'yan mata ta kwana da ke wajen gari, wadda rabona da ita shekara 17.

Tun daga bakin get gabana ya faɗi. Darbejiyoyin da muke sharewa kullum da asuba suna nan, sun ƙara kauri. Warin miyar kuka ya taso daga kicin, wallahi irin na wancan lokacin sak, har na ji ɗanɗanon gabza a bakina. Wasu yara suka wuce ni da bokitai a ka za su famfo, suka durƙusa suka ce, "Ina wuni, Mama." Na amsa ina neman wadda suke gayarwa.

A wannan makarantar na koyi abubuwa da yawa da har yau nake ci da su. Na koyi tashi kafin kiran assalatu don in riga layin ruwa. Na koyi yadda gwangwani ɗaya na garin kwaki da ƙuli uku ke ciyar da mutum huɗu. Na koyi haɗiye magana a gaban siniya, da ɓoye cincin ɗin ranar biziting a cikin matashin kai, da karanta littafin soyayya a ƙarƙashin bargo da ƴar tocila ba tare da metiron ta gani ba. Lissafi ne dai ban koya ba, kuma duk tsawon shekarun nan abin da nake gaya wa kaina shi ne kaina ne ba ya ja.

Sai da na tsaya a ƙofar tsohon ajinmu na fara ƙirgawa da yatsa. A SS1 muna da malami, mutum mai haƙuri, zango biyu ya yi aka yi masa canjin wurin aiki. A SS2 aka ba mu wani ɗan bautar ƙasa da ba ya jin ko "zo" da Hausa, mu kuma Turancinsa ya fi ƙarfin kunnenmu. Ya cika allo da rubutu, mu kwafa, ya gama hidimarsa ya tafi. A SS3 malamin ƴan kimiyya ne ke leƙo mu in ya samu sarari, mu da ba ƴan kimiyya ba. Haka muka shiga ɗakin jarrabawa. Na tuna a takardar zaɓi na bi layi ina cike gurabe yadda hannuna ya ga dama, a ta rubutu kuma na kwafe tambayoyin tsaf da kyakkyawan rubutu na miƙa.

Ofishin ajiyar takardu ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙura, da wani dattijon malami a ciki. Ya tambaye ni lambar jarrabawa, na ce ban riƙe ba. Ya tambayi shekara da sunan mahaifi, ya jawo wani ƙaton littafi ya bi da yatsa har ya same ni. Sai da aka duba ko makaranta na bina wani abu, littafin laburare ko makamancinsa, na biya ɗan abin da aka ce, sannan ya buɗe wata durowar ƙarfe ya fito da ƙunshin shekararmu ɗaure da igiya.

Kaurin ƙunshin ne ya ba ni mamaki. Na ce, "Malam, duk waɗannan ba a karɓa ba?"

"Hajiya, ai ke kin yi ƙoƙari da kika zo. Wasu sai dai gara ta karɓar musu."

Yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya yana neman tawa, ni kuma ina karanta sunaye a juye. Ƴan ajinmu ne reras, kamar ana kiran rijista. Can sai ga sunan ƙawata da muke gado ɗaya, ita a sama ni a ƙasa. Ita ce kaɗai a ɗakinmu da ke zama da littafin Lissafi lokacin firef ta yi ta fama ita kaɗai a gaban fitilar ƙwai, mu muna mata dariya muna kiranta farfesa. An yi mata aure wata ɗaya da ni, ta rasu wajen haihuwar fari a 2007. Na roƙi Malam ya bar ni in duba. C4 ta ci a Lissafi, C6 a Turanci, kiredit bakwai. Ban san ko ta taɓa sani ba. Na mayar masa, ya sa a inda take, ya ci gaba da nema har ya zaro tawa. Na sa hannu a littafi na fito, ban iya zagaya hostal ɗin da na yi niyya ba.

Matsala ta biyu suna ce. A satifiket sunan mahaifina ne a gaban nawa, kamar yadda aka yi min rajista tun firamare. A katin ɗan ƙasa kuwa sunan maigida na bayar, don lokacin da aka zo yi haka na ga matan unguwa suna yi. Mai kafe, wato shagon intanet da ake rajistar jarrabawa, ya ce in na yi sabuwar rajista da sunan da ke jikin NIN, takardu biyun za su zama na mutum biyu, babu makarantar da za ta haɗa su. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa wannan da waccan duk ni ce, sannan na je aka gyara sunan ya koma na mahaifina. Ya ci min kusan wata guda da kuɗin adaidaita ba kaɗan ba. Duk macen da ke da niyyar komawa karatu, ta fara duba wannan tun kafin ta sayi biro.

Manyan jarrabawoyin ƴan waje, wato waɗanda suka riga suka bar makaranta, biyu ne, ta WAEC da ta NECO, waɗanda mutane ke haɗawa su kira GCE. Na zaɓi ta NECO da ake yi ƙarshen shekara, saboda ta ba ni wata huɗu na shiri. Rajista a kafe ake yi: fasfo, lambar NIN, zaɓen darussa da cibiya, sai ɗaukar zanen yatsu. Ranar da na je kwana uku da bikin ƙanwar maigida, hannuna jawur da lalle, na'urar ta ƙi karɓa. Yaron ya goge min yatsa, ya sake gogewa, ya danna har sai da na ji zafi, a banza. Ya ce, "Mama, sai dai ki bari ya ɗan kwanta." Na koma bayan sati biyu. A jerin darussan kuma na ga wani baƙo, darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa, wanda a zamaninmu babu shi, sai daga 2014 aka fara zana shi. Na cike darussa takwas, amma ni na san biyu na zo nema.

Saura mai koyarwa. Na je wani lesin na yamma sau biyu, na ga ba zan iya ba: yara sa'o'in ɗiyata cike da benci, malami na gudu kamar ana binsa, ga girkin dare na jirana. Da na dawo ina ta tsaki, sai babbar ƴata, wadda lokacin ta ci jarrabawar kwalifayin ta shiga SS3, ta ce daga bakin ƙofa, ba tare da ta dube ni ba, "Umma, in kina so ni zan iya nuna miki."

Wanda ba Bahaushe ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. Ƴar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, a gaban mutane ko hira ba ma yi, rabin ƙuruciyarta ma a ɗakin kakarta ta yi. Yanzu ita ce za ta zauna ta ce min "ba haka ba ne, sake." Na yi kwana biyu ban ba ta amsa ba. A na uku bayan sallar isha na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ajiye littafin tsofaffin tambayoyi da na sayo a Sabon Gari, na ce, "Ke, zo ki duba min wannan."

Satin farko kunya ta hana mu komai. Ita tana magana ƙasa-ƙasa, ni ina cewa na gane alhali ban gane ba. Abin da ya fasa ƙwan shi ne lambobi masu alamar ɗebewa a gaba. Ta ce in aka ɗebe -3 daga 10, amsa 13 ce. Na ce ƙarya ne, ta yaya za a ɗebe abu kuma ya ƙaru? Ta yi shiru, can ta ce, "Umma, in mai kayan miya na bin ki bashin naira uku, sai ya ce ya yafe, kin ƙaru ko kin ragu?" Na buɗe baki na rufe. Shekara goma ina riƙe da adashen mata ashirin da biyu a unguwarmu, ban taɓa ɓatar da ko sisi ba, na san wadda ta ci gaba da wadda ake bi, duk a ka. Ashe abin da na shekara 17 ina gudu, kullum da shi nake kwana, suna kawai aka canja masa. A daren na yi dariya har maigida ya leƙo ta taga.

Daga nan muka riƙa fassara komai zuwa harshen gida. Kashi cikin ɗari ya koma ribar atamfa. Lissafin da ake neman x da y ya koma kuɗin mudun shinkafa da na wake in an san jimillar cefane biyu. Ba duka ne suka yarda a fassara su ba. Wannan lissafin na jirgin da ya tashi daga wani gari ya nufi arewa maso gabas, ya karkata, a ce in nemo nisansa, har yau ban san inda jirgin ya sauka ba. Ɗiyata ta ce in ƙyale shi, tunda a takardar rubutu akwai tambayoyin dole akwai na zaɓi, in ƙarfafa inda nake da ƙarfi. Dabarar da babu wanda ya taɓa gaya mana ke nan a 2005.

Turanci bai wahalar da ni haka ba, shekarun koyarwa sun taimaka. Na dai sha fama da taƙaita labari cikin jimloli ƙidayayyu, da tsarin wasiƙar ofis, da takardar furuci, inda ake so Bahaushiya ta bambance P da F a kan takarda alhali a bakinta duk ɗaya ne.

Muna da zaure a WhatsApp na ƴan shekararmu. A ciki akwai likita ɗaya, da malaman makaranta, da masu sayar da turaren wuta da kayan kicin ta waya, da waɗanda sai gaisuwar Juma'a kawai ake ganinsu. Da na faɗi abin da nake shiri, aka yi ta sa albarka, mutum biyar suka rubuto min cewa gemu ba ya hana ilimi, har na fara jin kamar gemun ne ya fito min. Wata kuma ta biyo ni ta gefe ta ce me zai sa in wahalar da kaina, akwai cibiyar da in an biya ake rubuta amsa a allo. Ba zan yi ƙarya ba, na kwana ina juya maganar. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah kaɗai ba ne. Na ji ana riƙe sakamakon cibiya ɗungurungum in an kama, ga kuma yarinyar da ke hana kanta barci saboda ni. Da wane ido zan dube ta?

Jarrabawar ta faɗo cikin hunturu. Cibiyarmu wata sakandaren gwamnati ce a cikin gari. Na zata ni kaɗai ce babba, sai na tarar da wani mai furfura a gemu da ya ce ƙarin girma ne ya tsaya masa a wurin aiki, da wata mai goyo da ta zo da ƙanwarta ta riƙe mata jariri a gindin bishiya. Aka duba katinmu, aka laluba mu, aka karɓe wayoyi. Ranar Lissafi na shiga da kalkuletar ɗiyata da akwatin kayan zanenta. Da aka raba takarda hannuna ya ɗauki rawa, na ji kamar na koma shekara 18, har warin ajin iri ɗaya ne. Na karanta tambayar farko ban fahimci komai ba. Na ajiye biro na yi salati, na sake karantawa a hankali, sai na ga ashe riba da faɗuwa ce: ɗan kasuwa ya sayi kaya kaza ya sayar kaza. Na ce a raina, Alhaji ne wannan. Daga nan hannu ya saki. Na bar tambayar jirgi inda na gan ta. Da mai sa ido ya ce a ajiye biro ina tsakiyar zana girafi, ban ƙarasa ba, amma wannan karon abin da ke cikin takardata amsa ce, ba kwafin tambaya ba.

Sakamako ya fito farkon 2023, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta zama abin nema. Sai da na yi wa mai POS ɗin layinmu magiya kafin aka samu yadda aka sayi lambar dubawa. Ban iya dubawa da kaina ba, na miƙa wa ɗiyata waya na shige kicin ina goge tukunyar da na riga na wanke. Na ji ta tsaya a bayana.

"Umma, Turanci C5."

"Ɗayan fa?"

"C6."

Da ƙyar, a kan gaɓa, amma kiredit ne. Na juyo, kuma ban san lokacin da na kira sunanta ba, karon farko tun da na haife ta. Ita ma sai ta rasa inda za ta sa kanta, ta ajiye min wayar a kan murfin bokiti ta fice da gudu.

Na haɗa tsohon satifiket da sabon sakamako da takardar kotu na nemi gurbin NCE a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI mai hedikwata a Kaduna, saboda karatunsu na ƙarshen mako ne a cibiyoyin da ke kusa da mutum, ba sai na bar aiki ko gida ba. Litinin zuwa Juma'a ina gaban allo, Asabar ina kan benci. Yarinyar nan da na nuna wa aiki ita ke ara min tsofaffin littattafanta.

Bayan komai ya lafa na shirya na je gidan su ƙawata marigayiya, a cikin birni. Mahaifiyarta ta tsufa, idonta ya yi rauni, sai da na faɗi sunan mahaifina da na makaranta sannan ta gane ni. Muka gaisa, muka yi wa mamaciya addu'a. Na ce, "Inna, na je makarantarmu, na ga takardarta tana nan ba a karɓa ba. In an tura wani daga cikin ƴan'uwanta da shaida, ina jin za su bayar."

Ta ce, "To ƴar nan, me zan yi da ita yanzu?"

Na rasa amsa. Muka yi shiru, tana jan carbi. Har na fara neman takalmina, sai ta ce, "Ta ci kuwa?"

"Ta ci, Inna. Har Lissafin da ya kayar da mu duka, ita ta ci."

Ta gyaɗa kai. "Ai dama ita ke riƙe min kuɗin ƙuli tun tana firamare." Sannan ta ɗaga murya ta kira wani jikanta daga zaure, ta ce ya zo in kwatanta masa inda ake hawa motar makarantar.